Kwamfutar Ƙungiya: Mu Saya, Mu Gyara, ko Mu Dakata?

A ziyarce-ziyarcen da muke kai wa ƙungiyoyin ajiya da rance, ƙananan makarantu da ɗakunan shan magani na karkara, akwai tambayar da ba ta rabuwa da taron kwamiti. Wasu suna so su sani ko lokaci ya yi da za su mallaki kwamfuta. Waɗanda suke da ita kuma suna kukan ta yi nauyi, suna tambaya ko su sake wata. Maganar ba ƙarama ba ce. Kuɗin kwamfuta ɗaya zai sayi buhunan taki masu yawa, ko ya biya malami albashin watanni, kuma kuɗin jama'a ne da aka tara da gumi. A ɗaya gefen, idan tsohuwar kwamfuta ta mutu da rajistar membobi da lissafin bashi a cikinta, asarar takan fi kuɗin sabuwa, gama ta nan ne zargi da rashin yarda sukan shigo ƙungiya. Don haka muka ga ya kamata mu bi wannan magana daki-daki, domin kwamiti ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Da farko, wane aiki za ta yi?

Kafin a tambayi farashi, bari sakatare ya ɗauki takarda ya rubuta ayyukan da ake so kwamfutar ta yi, da sau nawa ake yinsu a wata, da sunan wanda zai zauna a gabanta. Sau da yawa wannan takarda kaɗai takan ba da amsa.

Idan aikin bai wuce buga wasiƙa biyu ko uku a wata ba, shagon buga takardu na cikin gari ya wadatar. Idan kuwa aika saƙo ne, da ɗaukar hoto, da tura kuɗi, wayar hannu tana yin wannan duka. Har tattara bayanai gida-gida ana yinsa da waya, ta manhajoji irin su KoboToolbox, waɗanda suke aiki ko babu intanet, sai an sami sabis a tura.

Amma akwai ayyukan da waya ba ta ɗauka. Lissafin membobi ɗari biyu da rancensu, sakamakon jarrabawar dukan makaranta, dogon rahoto da kasafin kuɗi mai layuka da yawa, waɗannan suna bukatar babban sikirin da kibod. Haka kuma koyar da yara. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, daga 2015 kuma ta mai da dukan jarrabawar shiga manyan makarantu ta wannan hanya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya shiga da rauni ko da ya san karatunsa. Makarantar da take da ɗalibai masu shirin wannan jarrabawa tana da dalili mai ƙarfi na saye.

Me ke sa kwamfuta ta yi nauyi?

Domin mu gane ko tsohuwar tana da sauran amfani, sai mu san sassa uku na cikinta. Mu kwatanta ta da shagon tela. Furosesa shi ne telan kansa, mai yin aikin. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi a kai. Rumbun ajiya kuwa shi ne akwatin da ake adana dukan yaduka da ɗinkunan da aka gama. Idan teburin ƙarami ne, tela zai yi ta ninke wannan yadi yana mayarwa akwati kafin ya shimfiɗa wancan. Idan akwatin mai wuyar buɗewa ne, kowace tafiya sai ta ci lokaci. Mai kallo daga waje zai ce telan ya tsufa, alhali tebur da akwati ne suka hana shi sauri.

Haka abin yake ga yawancin kwamfutocin da muke tararwa a ofisoshin ƙungiyoyi. Furosesan yana da sauran ƙarfi, RAM ne ya yi kaɗan, ko kuma rumbun tsohon yayi ne. Ana iya dubawa ba tare da an kwance komai ba. A kan Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc a tare sa'ad da kwamfutar take nauyi. Shafin da zai buɗe yana nuna kashi nawa cikin 100 na kowane sashe ake amfani da shi. Sashen da yake tsaye kusa da 100 koyaushe, shi ne mai laifin.

Akwai kuma zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da hanyoyin iska, kwamfuta kuwa idan ta ji zafi ya yi yawa takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. In fankar tana ihu, ƙasan kwamfutar yana ƙuna, ko tana ɗaukewa haka kawai, a fara kai ta a share ƙurar kafin a yi maganar saye.

Gyara biyu masu sabunta tsohuwar kwamfuta

Na farko shi ne sauya rumbu. Tsohon rumbu yana da faifai a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai bin kansa tana karatu. Sabon nau'in, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke motsi ko kaɗan. Tsohon yakan karanta kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, SSD na talaka kuwa yakan kai wajen 500, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. Kwamfutar da take cin mintuna kafin ta tashi, sai ka ga ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. SSD ya fi jure girgizar babur a hanyar ƙauye, ya kuma fi tattalin batir. Mai giga 256 ya isa aikin ofis.

Na biyu shi ne ƙarin RAM. Giga 4 ya yi kaɗan ga manhajojin yanzu. Giga 8 ya isa rubutu, lissafi da intanet. Sai dai a lura da abu biyu. RAM iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, don haka a tafi da kwamfutar wurin mai sayarwa ya gwada a gabanku. Wasu siraran kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma an like RAM ɗinsu a jikin bod, ba a iya ƙara musu.

Batir ma kayan sauyawa ne. Batirin litiyom yakan fara rauni bayan an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Mutuwar batir ba mutuwar kwamfuta ba ce. Amma in ya kumbura har yana ɗaga kibod, a daina amfani da shi nan take, gama yana iya kama wuta.

Ma'aunin da muke ba kwamitoci shi ne: idan gyaran bai kai rabin kuɗin wata kwamfuta mai kyau ba, kuma zai ƙara mata shekara biyu ko uku na aiki, a gyara. In ya wuce haka, kuɗin ya fi amfani a asusun sabuwa.

Maganar Windows 10

Akwai wani dalili na sauya kwamfuta da ido ba ya gani. Kamfanin Microsoft yakan aika wa Windows gyare-gyaren tsaro kowane wata, domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Kowane zubi na Windows yana da ranar da ake daina aika masa. Na Windows XP ya tsaya a Afrilu 2014, na Windows 7 a Janairu 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. A wannan rana ce aka daina tallafa wa Office 2016 da Office 2019 su ma. Kamfanin ya sanar da ƙarin wa'adin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga masu amfani a gida da suka yi rajistar shirin.

Ƙarewar wa'adi ba ya kashe kwamfuta. Za ta tashi, za ta buga takarda kamar kullum. Abin da ya canja shi ne, ta zama gidan da ba a ƙara gyara masa katanga. Duniya ta ga sakamakon irin wannan a watan Mayu 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har da na asibitoci a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sa shi ba ne abin ya shafa.

Windows 11, wanda ya fito a Oktoba 2021, yana da sharuɗɗa. Yana bukatar aƙalla RAM giga 4, rumbu giga 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Furosesan Intel kuma, ban da 'yan kaɗan, sai daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Na AMD kuwa daga Ryzen 2000. Ana gane zubin daga lambar furosesan. Idan an rubuta i5-6300U, zubi na 6 ne, bai cika sharaɗi ba. Idan i5-8250U ne, zubi na 8 ne. Idan i5-1135G7 ne, zubi na 11 ne. Sunan i5 ko i7 kaɗai ba ya nuna komai, domin akwai i7 da ya haura shekara goma.

To, idan tamu ba ta cika sharaɗi ba fa? Hanyoyi uku ne. Idan aikinta buga takardu ne da koyar da yara kibod, a raba ta da intanet, a kuma kula da filashin da ake soka mata. Idan ana so ta ci gaba da shiga intanet, ana iya sa mata Linux, kamar Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, ana aika musu gyaran tsaro, kuma suna tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Manhajar LibreOffice, ita ma kyauta, tana buɗe takardun Word da Excel. Sai dai a tabbatar firintar ofis za ta yi aiki da shi, kuma akwai wani a kusa da ya san shi. Idan kuwa a kanta ake shiga asusun banki, ko akwai bayanan marasa lafiya a ciki, kuma manhajar aikin sai da Windows, to lokacin sauyawa ya yi.

Alamun cewa saye ya zama dole

Muna ganin kwamiti ya fara shirin saye idan bod ɗin ya lalace, ko an kai ta gyara sau uku a shekara ɗaya kan matsala iri ɗaya, ko kayan gyaranta sun ɓace a kasuwa, ko manhajar da aikin ya dogara a kanta ta ƙi hawa. Akwai dalilan da ba su isa ba: ganin wata ƙungiya ta sayi sabuwa, ko tsufan jiki, ko ragowar kuɗin wani aiki da ake so a kashe kafin ƙarshen shekara.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Wanda ya sayi doki ya san da ciyawa. Babbar ciyawar kwamfuta ita ce wuta. Kwamfutar kan tebur da sikirinta takan ja wat 100 zuwa 200. Ta tafi-da-gidanka kuwa yawanci cajarta wat 45 ko 65 ce. Bari mu yi lissafi. A ce ta kan tebur tana jan wat 150, a yi aikin awa 6, an sha 900 ke nan. Ta tafi-da-gidanka mai wat 45 a awa 6 ba za ta wuce 270 ba. Ga mai amfani da sola, wannan bambanci shi ne bambancin ƙaramin fanel da babba. Ga mai janareto kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, kowace awa ta zama abin lissafi. Ƙari ga haka, ta tafi-da-gidanka tana da batir, ɗaukewar wuta ba ta cinye aikin da ba a adana ba. Ta kan tebur sai an haɗa mata da UPS. Amfaninta shi ne ta fi sauƙin gyara, ta kuma fi wuyar sata.

A sa waɗannan ma cikin kasafi: abin kare ta daga hawa da saukar wuta, tawadar firinta, kuɗin data, jaka ko mayafin ƙura, rumbu na waje domin ajiye kwafi, da horar da mutum biyu. Mun ce biyu, domin idan mutum ɗaya kaɗai ya iya, ranar da ya tafi makaranta ko ya sami aiki a birni kwamfutar ta zama kayan ado.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwa tana zuwa da garanti, yawanci na shekara ɗaya, da batir mai lafiya. Amma sabuwa mafi araha sau da yawa tana da furosesa mai rauni da RAM giga 4 da ba a iya ƙarawa. Araha ba ta ado. Tokumbo da aka ƙera domin ofisoshi, irin su Dell Latitude, HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, suna da ƙarfin jiki, kayan gyaransu kuma suna samuwa a manyan kasuwanni kamar Computer Village a Ikeja da Banex a Abuja. Ga ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, tokumbo daga zubi na 8 zuwa sama, da RAM giga 8 da SSD, zaɓi ne mai kyau.

Ranar saye, kada mutum ɗaya ya tafi. Ma'aji ya tafi da wani da ya san kwamfuta wanda ba shi da alaƙa da mai shagon. A duba lambar furosesa a cikin kwamfutar kanta, kada a dogara da takardar da aka manna a jiki. A danna kowane harafi na kibod, a gwada kowace kafar filash, da kyamara, da sauti, da kama intanet. A cire caja a bar ta tana aiki na rabin awa a ga yadda batir zai sauka. A kashe ta a sake tayarwa, a tabbatar babu kalmar sirri da tsohon mai ita ya kulle ta da shi. A ƙarshe a karɓi rasit da sunan ƙungiya, ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin da aka yarda za a iya dawo da ita. Wannan rasit ne zai kare ku idan wata rana aka ce kayan sata ne.

Idan kyauta aka kawo

Kyauta tana da daɗi, amma ba laifi ba ne a yi tambaya cikin ladabi: shekarunta nawa, tana aiki, wa zai gyara ta? Tsofaffin kwamfutoci goma da ba su tashi sun zama kaya a wuyan wanda aka ba. Idan daga Amurka aka kawo na kan tebur, a duba bayansu kafin a jona. Wutar can bolt 120 ce, tamu 230, kuma wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni a baya da sai an mai da shi 230, in ba haka ba su ƙone a take.

Mu jira farashi ya sauka?

Shekaru da yawa ana cewa kwamfutar baɗi za ta fi ta bana ƙarfi da araha. Ga mai saye da naira, lissafin ya sha bamban, gama daga waje ake shigo da kwamfuta, farashinta kuma dala yake bi. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekarar. Ƙungiyar da ta ajiye kuɗin kwamfuta a akwati a wancan lokaci tana jira, ta wayi gari kuɗin bai kai ba. Ba wanda zai iya faɗa mana inda canji zai dosa. Shi ya sa muke cewa bukata ce za ta sa ranar saye. Idan aikin yana nan, mai yinsa yana nan, wuta tana nan, kuɗi ya cika, a saya. In ɗaya daga cikinsu ya rasa, a dakata.

Daga ranar da aka saya kuma a fara tara kuɗin magajiyarta. A ce an saye ta naira 300,000, ana sa ran za ta yi shekara 5, wato wata 60. A riƙa ware 5,000 kowane wata, a kuma sake duba adadin kowace shekara bisa farashin kasuwa.

Kwafi, da makomar tsohuwar

Ko sabuwa ko tsohuwa, kowane rumbu zai mutu wata rana, sau da yawa ba sallama. A riƙa kwafe muhimman fayiloli kowane mako a filash ko rumbu na waje, a ajiye shi a wani gida dabam da inda kwamfutar take. Lissafin kuɗi kuma a buga shi a takarda kowane wata, shugaba da ma'aji su sa hannu.

Kafin a sayar da tsohuwar ko a bayar, a goge rumbunta gaba ɗaya ko a cire shi, domin fayil da aka share da hannu ana iya dawo da shi. Sunayen masu bashi da bayanan marasa lafiya amana ce, kuma tun Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Kada a ƙone ta domin cire wayar tagulla, kada kuma a bar wa yara su farfasa. Tsofaffin sikirin masu ƙeya suna ɗauke da dalma, hayaƙin robar waya kuma guba ne ga huhu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka sarrafa yadda ya kamata. Masu gyara sukan sayi matacciyar kwamfuta domin sassanta, wannan ya fi jefa ta a bola.

Tambayoyi domin tattaunawa a taronku

1. Waɗanne ayyuka ne a ƙungiyarmu suke bukatar kwamfuta, waɗanne ne waya ko littafi zai iya yi?

2. Idan kwamfutarmu ta mutu yau da dare, me za mu rasa, kuma a ina kwafinsa yake?

3. Wane zubi ne furosesanmu, wane Windows ne a kai, kuma har yanzu ana aika masa gyaran tsaro?

4. Mutum nawa ne a cikinmu suka iya amfani da ita? Akwai mata da matasa a cikinsu?

5. Nawa muke kashewa a kan wuta, tawada da data kowane wata, kuma daga wane asusu?

6. Nawa za mu fara warewa daga wannan wata domin wadda za ta gaje ta?